"Ban Taɓa Sha Ba" Ba Ta Fid da Mutum: Kare Kai Daga Tuhumar Tuƙi Cikin Maye a Amurka

Akwai wata natsuwa da ɗan'uwanmu kan tafi da ita Amurka, ko ɗan Kano ne da ya je karatu, ko ɗan Maraɗi da ke jan tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, ko ɗan zangon Kumasi da ke tuƙa babbar mota daga wannan jiha zuwa waccan. Tunda bai taɓa kai barasa bakinsa ba, yana ganin maganar kama masu tuƙi cikin maye ba tasa ba ce. Ya ji ana ta faɗin DUI, wato sunan da ake kiran laifin tuƙi cikin maye a can, ya ɗauka zancen mashaya ne. A ƙa'ida haka ne. Amma wani gidan talabijin na birnin Nashville ya tono daga bayanan hukumar binciken laifuka ta jihar Tennessee cewa tsakanin 2017 da 2023 an kama mutum fiye da 600 bisa zargin tuƙi cikin maye, sannan gwajin jininsu ya dawo babu barasa, babu ƙwaya. Jiha ɗaya ke nan cikin hamsin. Kowane ɗayansu an sa masa ankwa, an ja motarsa, an ɗauki hotonsa a caji ofis, wasu kuma sun yi watanni suna jiran sakamakon da zai wanke su.

Kada a ɗauka ina sukar dokar ne. A shekarar 2022 mutum fiye da 13,000 suka mutu a hanyoyin Amurka a haɗurran da ke da hannun direban da ya sha. Ƙasar da ke binne mutane haka ba za ta yi wasa da lamarin ba, kuma akasarin waɗanda ake kamawa sun sha ɗin. Sai dai injin da aka ƙera don ya kama kusan mutum miliyan guda a shekara dole ya riƙa haɗawa da wanda bai ji ba bai gani ba. Tambayar ita ce, in ya haɗa da kai, me ke fid da kai? Rantsuwa ba ta yi. Shaidar limamin masallacinku cewa kai mutumin kirki ne tana da ɗan amfani, amma ba a kanta ake yanke hukunci ba. Wannan shari'a ce ta awo da agogo da takarda, kuma a nan ake cin ta ko a faɗi.

Abu na farko da ya kamata a gane: tuhumar tana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce lamba. In barasar da ke jikin direba ta kai 0.08, wato giram 0.08 a cikin kowane mililita 100 na jini, laifi ya tabbata, ko da tuƙinsa ya miƙe sambal. Wannan iyaka ta game dukkan jihohi tun 2004, sai Utah da ta sauke tata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Direban babbar mota mai lasin kasuwanci kuwa 0.04 ne nasa. Ƙofa ta biyu ba ta buƙatar lamba ko kaɗan. Abin da mai gabatar da ƙara zai nuna shi ne cewa wani abu da ka sha ya rage maka iya tuƙi, barasa ce, wiwi ce, ko magani ne. Ta wannan ƙofa ake shigo da wanda bai sha ba. Ya busa na'urar auna barasa a numfashi ta nuna sifili, yana murna an gama, sai ɗan sanda ya ce to, in ba giya ba ce ƙwaya ce, a tafi ɗibar jini.

Mu ƙaddara wani direba ne, ƙarfe biyu na dare, ya shafe awa goma sha ɗaya a kan sitiyari, a cikin goman ƙarshe na azumi, barcin da ya yi a kwana uku bai taka kara ya karya ba. Tayarsa ta ɗan taɓa layin gefen hanya. Fitila ta haska a bayansa. Ɗan sanda ya leƙo ta taga. Abin da zai rubuta a rahotonsa kusan an san shi tun kafin ya rubuta: idanu sun yi ja, magana ba ta fita sosai, hannu na rawa wajen neman takardu, akwai wani wari a motar. Jan ido na rashin barci ne. Maganar da ba ta fita, harshen Bahaushe ne a kunnen Ba'amurke. Rawar hannu tsoro ne, domin baƙin mutum da aka tsayar da tsakar dare a Amurka yana da dalilin jin tsoro. Warin kuwa, wataƙila fasinjan da aka sauke minti goma da suka wuce ne ya bar shi, ko turare ne, ko man wanke hannu. Ga kuma tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai a gaban hukuma, wadda a can ake karanta ta a matsayin ɓoye wani abu. Babu ƙarya ko ɗaya a rahoton. Fassarar ce ta karkace.

A wannan gaɓa mutane suka fi yanka kansu da bakinsu. Doka ta wajabta maka ka ba da lasi da takardar mota da inshora, kuma in an ce ka fito daga mota sai ka fito; Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 1977. Amma ba ta wajabta maka ka ba da labarin inda ka fito da abin da ka ci da maganin da ka haɗiya ba. Kuma gargaɗin nan da ake gani a finafinai, na cewa kana da ikon yin shiru, ba a karanta shi a bakin hanya. A 1984 kotun ta ce tambayoyin da ake yi wa direba kafin a kama shi ba sa buƙatar wannan gargaɗi, duk da haka abin da ya faɗa ana iya kawo shi kotu. Sai ka ga mutum don ya wanke kansa daga zargin giya ya ce, "Wallahi maganin mura kawai na sha ɗazu." Ya miƙa wuƙar da hannunsa. Yawancin magungunan mura da na ƙaiƙayi na sa barci, kuma a jihohi da dama, Kalifoniya na cikinsu, cewa likita ne ya rubuta maka maganin ba kariya ba ce.

Daga nan sai gwajin bakin hanya, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne gadar da ake tsallakar da mai hankalinsa garau zuwa bayan motar 'yan sanda. Gwaji uku ne hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ta amince da su. Na farko, ɗan sanda zai riƙe biro ko yatsa yana kai shi hagu da dama, kana bi da ido ba tare da juya kai ba, yana duba ko ƙwayar idonka na fizga. Na biyu, taku tara a kan layi, diddige na taɓa yatsu, ka juya ta wata hanya ta musamman, ka dawo da taku tara. Na uku, ka ɗaga ƙafa ɗaya kamar inci shida daga ƙasa kana ƙirga har daƙiƙa 30. Da jin su ka ce wasan yara ne. Abin da ba a faɗa maka shi ne yadda ake ba da maki. A gwajin tafiya alamomi takwas ake nema, biyu kacal sun isa a ce ka faɗi. Fara tafiya kafin ya gama bayani alama ce. Kasa tsayuwa ƙafa ɗaya gaban ɗaya yayin da yake bayanin alama ce. Ɗaga hannu don daidaita jiki alama ce. Taku goma maimakon tara alama ce. To mutumin da Faransanci ya yi a makaranta, ana zuba masa umarni da Ingilishin kudancin Amurka, manyan motoci na wucewa suna kaɗa shi da iska, fitila na walƙiya a idonsa, yana sanye da silifas, yaya za a yi ya tsallake alama biyu?

Ba zato nake yi ba. Binciken da aka kafa gwaje-gwajen a kansa a 1981 ya ce na ido yana dacewa kashi 77 cikin ɗari, na tafiya 68, na ƙafa ɗaya 65. Wani binciken na 1998 a San Diego ya ba da alƙaluma mafi kyau, kuma shi 'yan sanda suka fi kawowa. Amma a 1994 wasu masu bincike a jami'ar Clemson sun nuna wa 'yan sanda bidiyon mutum 21 da ba su sha komai ba suna yin irin waɗannan gwaje-gwaje, 'yan sandan suka yanke cewa kashi 46 cikin ɗari sun bugu da yawa, bai kamata su yi tuƙi ba. A 2023 jami'ar Kalifoniya ta San Diego ta gwada da wiwi: aka ba wasu ta gaske, aka ba wasu ta bogi, aka kawo ƙwararrun jami'ai su tantance. Sun ce kashi 81 na masu ta gasken sun gaza. Madalla. Sun kuma ce kusan rabin waɗanda ba su sha komai ba sun gaza. Littafin horon 'yan sandan da kansa ya yarda cewa wanda ya haura shekara 65, da mai ciwon baya ko ƙafa ko cikin kunne, da mai ƙiba sosai, suna shan wuya a gwajin ko ba su sha ba. Lauyan da ya san aikinsa da wannan littafi yake zuwa kotu, ya buɗe shafi, ya kunna bidiyon kyamarar da ke ƙirjin ɗan sandan, ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya: ka tambaye shi ko yana da ciwo? Ka nuna masa yadda ake juyawa? Ƙasan wurin a daidaice yake? Biron nan, daƙiƙa nawa ka riƙe shi a gefe? Domin littafin ya ce in aka sauya tsarin gwajin, ingancinsa ya raunana.

A yawancin jihohi wannan gwaji na bakin hanya ba dole ba ne, kuma lauyoyi da yawa na ba da shawarar a ƙi shi cikin ladabi. Ƙin ba ya hana a kama ka, a wasu jihohin ma ana faɗa wa kotu cewa ka ƙi. Ni dai a ganina, mai ciwon gwiwa ko wanda Ingilishinsa bai nuna ba, gara ya faɗi uzurinsa da babbar murya yadda kyamara za ta ɗauka, ya nemi tafinta, ya ce a shirye yake a auna numfashinsa ko jininsa. Amma awon da ake yi bayan an kama mutum wani abu ne daban, kada a haɗa su. Duk wanda ya karɓi lasin tuƙi a Amurka ana ɗauka ya riga ya amince da wannan awo. In ya ƙi, lasinsa ya tafi, a New York da Kalifoniya na tsawon shekara guda, ko da daga baya kotu ta wanke shi daga laifin maye. Kuma tun 1983 Kotun Ƙoli ta yarda a kawo ƙin a matsayin shaida a kansa. Mutumin da bai sha ba, in zuciya ta ɗebe shi ya ce ba zai busa ba don an ci masa mutunci, ya jefar da babbar shaidarsa ke nan.

To na'urar fa? Mutane na yi mata kallon alƙalin da ba ya kuskure. Wani jami'in 'yan sandan jihar Indiana, Robert Borkenstein, shi ya ƙera ta farko da ta yaɗu a 1954, kuma har yau dabarar ba ta sauya ba: na'ura ba ta ganin jini. Numfashi take aunawa, ta yi lissafi a kan cewa barasar da ke cikin mililita 2,100 na numfashi daidai take da ta mililita 1 na jini. A Birtaniya 2,300 ake ɗauka. Wannan bambanci kaɗai ya nuna cewa lambar matsakaici ce, ba ta kowa da kowa ba. Don adalci, lissafin 2,100 ya fi sassauta wa yawancin direbobi, sai dai yana iya zarcewa a kan wanda barasar ba ta gama shiga jininsa ba, ko mai zazzaɓi, tunda ƙarin digiri ɗaya a zafin numfashi na ɗaga sakamako da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Jihohi da yawa sun toshe wannan muhawara ta hanyar rubuta laifin da awon numfashi kai tsaye, don haka ba kullum take kai mutum ko'ina ba.

Wadda ta fi aiki ita ce maganar barasar baki. Na'urar an yi ta ne don iskar can cikin huhu. In akwai ɗigon barasa a baki, sai lambar ta yi tsalle. Ruwan kurkure baki na Listerine na asali ya haura kashi 26 cikin ɗari barasa, ya fi giyar kwalba nesa ba kusa ba. Wasu magungunan tari da feshin baki ma haka. Wannan ba ya daɗewa, cikin minti goma sha biyar ya washe, shi ya sa doka ta ce a zauna a sa wa mutum ido kafin ya busa: minti 15 a Kalifoniya da Massachusetts, minti 20 a New Jersey. Ba ci, ba sha, ba amai, in ya yi gyatsa mai taso da abin ciki a sake ƙirga daga farko. Wannan ɗan lokaci ya rushe shari'o'i masu yawa. Rahoto zai ce an sa ido daga 2:31 zuwa 2:46, bidiyon caji ofis kuma ya nuna jami'in ya juya baya yana cike takarda, ko ya fita ya dawo.

Sai mai ciwon suga. In sugan jini ya faɗi, mutum na yin gumi, ya rikice, harshe ya yi nauyi, ya yi tangaɗi, kamanninsa da bugagge ba su da maraba. In kuma ya hau ya rikice, numfashi na yin wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itace da ɗan sanda zai iya ɗauka na giya ne. Na'urorin zamani an yi musu dabarar bambance sinadarin da ke kawo wannan ƙamshi da barasa, saboda haka kada mai azumi ya ɗauka yunwar yini ɗaya za ta sa na'ura ta yi masa ƙarya. Ba ta kai nan ba. Amfanin takardun asibiti shi ne su bayyana abin da ɗan sanda ya gani da idonsa. Akwai ma wata cuta da hanjin mutum ke dafa barasa da kansa daga abinci mai sitaci. A Disambar 2015 wani alƙali a garin Hamburg na jihar New York ya kori ƙarar da aka shigar a kan wata mata bayan an tsare ta ana auna ta tsawon yini ba ta sha komai ba, lambar na ta hawa. A Afrilun 2024 wata kotu a Bruges ta ƙasar Beljiyam ta sallami wani mutum bayan likitoci uku sun tabbatar yana da ita. Abin dariya, a kamfanin giya yake aiki. Cutar gaskiya ce, amma ba kasafai ake samun ta ba, kuma alƙalai sun gaji da jin ta daga bakin wanda ba shi da takardar likita.

Babbar ɓarakar ba a jikin direba take ba, a ofishin masu saita na'urar take. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san mudu na iya zama lafiyayye a ido alhali an ɗan buga masa gindi. Ba ka gane shi sai ka gwada da wani mudun da ka yarda da shi. Haka na'urar busawa take: lokaci-lokaci dole a gwada ta da ruwan da aka san yawan barasarsa, a rubuta sakamako. A 2010 aka gano cewa na'urorin 'yan sandan birnin Washington an saita su ba daidai ba, suna ƙara kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma an riga an hukunta mutum kusan 400 da su, wajen rabinsu sun kwana a gidan yari. A New Jersey, wani sajan mai kula da saiti ya riƙa tsallake mataki ɗaya, wato duba zafin ruwan gwajin da ingantaccen ma'aunin zafi don a tabbatar yana kan digiri 34. A Nuwambar 2018 kotun ƙolin jihar ta ce sakamakon da ya fito daga na'urorin da ya taɓa ba abin dogaro ba ne, shari'a 20,667. Matar da ta ɗaukaka ƙarar ta riga ta amsa laifi tun farko saboda lambar da aka nuna mata, kuma ta rasu kafin a yanke hukuncin. A Janairun 2020 jihar Michigan ta janye na'urorinta 203 gaba ɗaya na ɗan lokaci bisa zargin ma'aikatan ɗan kwangila da ƙirƙirar takardun saiti.

Ta Massachusetts ta fi muni, domin can ba sakaci kaɗai ba ne. A 2017 aka gano ofishin da ke kula da na'urorin jihar ya ɓoye wa lauyoyin masu kare kai ɗaruruwan takardu da ke nuna lokutan da na'urorin suka faɗi gwajin saiti. Aka kori shugabar ofishin. A Afrilun 2023 kotun ƙolin jihar ta buɗe ƙofa ga kimanin mutum 27,000 da aka auna da na'urar Alcotest 9510 tsakanin Yunin 2011 da Afrilun 2019, su nemi a sake duba shari'arsu ba sai sun sake tabbatar da cewa hukuma ta yi rashin gaskiya ba. Ba cewa aka yi dukkansu ba su sha ba. Cewa aka yi ba a san wanda ya sha da wanda bai sha ba. Kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fito don wani ya rantse. Lauyoyi ne suka nace sai an ba su takardun saiti, aka hana, suka koma, aka hana, har alƙali ya tilasta.

Jini ya fi numfashi inganci, kuma shi ne abokin wanda bai sha ba. Kotun Ƙoli a shari'ar Birchfield ta 2016 ta ce ana iya auna numfashi ba tare da takardar izinin alƙali ba, amma jini sai da izini ko yardar mai shi. Shi ma yana da nasa ramukan: da me aka goge fata kafin a soka allura, an sa sinadarin da ke hana jinin lalacewa a kwalbar, hannun wa da wa ta bi, kwana nawa ta yi ba a firji ba. Awon asibiti da ake yi a kan ruwan jini yakan fi na cikakken jini da kashi goma da wani abu cikin ɗari, sai an juya lissafin. A shari'ar Bullcoming ta 2011 kotun ta ce mai kare kansa na da haƙƙin a kawo ainihin wanda ya yi awon ya amsa tambayoyi, ba a turo abokin aikinsa ya karanta takarda ba. Matsalar jini ɗaya ce, jinkiri. Sakamako na iya ɗaukar makonni ko watanni, a lokacin kuwa kamfanin tasi na manhaja ya riga ya rufe asusun direba, haya na jira, gida na jiran aike.

Shi ya sa kwanakin farko suka fi ranar kotu muhimmanci. Barasa na barin jini da kimanin 0.015 a kowace awa, saboda haka in an saki mutum da safe ya je asibiti aka ga sifili, mai gabatar da ƙara zai ce ai ta riga ta fita. Amma akwai gwajin fitsari da ake kira EtG da ke gano sawun barasa har kwana biyu zuwa uku, da gwajin jini na PEth da ke nuna ko mutum ya sha a makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce. Ga wanda bai taɓa sha ba, wannan ita ce rantsuwar da kotu ke ji. Jihohi da yawa ma sun ba wanda aka kama haƙƙin neman awo na kansa da kuɗinsa tun yana hannu. Ya nema, a ji a kyamara. Bidiyon gidan mai da na shago kan goge kansu cikin kwanaki. Na kyamarar ɗan sanda ma yana da wa'adi, sai lauya ya rubuta takardar a adana shi. Tarihin tafiye-tafiyen da ke cikin manhaja, rasit na abinci, sunayen waɗanda aka yi sallah tare da su, duk a tattara tun ƙwaƙwalwa na da ɗumi. Sannan ga wani tarko: maganar lasi daban take da shari'ar laifi, hukumar lasi ce ke yin ta, kuma wa'adin neman a saurare ka gajere ne ƙwarai, kwana 10 a Kalifoniya da Florida, 15 a Texas. Mutum na zaune yana jiran ranar kotu nan da wata biyu, bai san an riga an rufe wancan fayil ɗin ba.

Lauya zai kuma koma can farko ya tambayi dalilin tsayarwar. Tun 1979 doka ta hana ɗan sanda tsayar da mota haka kawai ba tare da wani dalili da zai iya faɗa ba. In bidiyo ya nuna motar ba ta karya wata doka ba, duk abin da ya biyo baya na iya zubewa, har da lambar na'ura. Shingen bincike ne kaɗai ya fita daga wannan, Kotun Ƙoli ta halatta shi a 1990 a wata shari'a da ta taso daga Michigan, sai ga shi Michigan ɗin da kanta ta dawo ta haramta shi a ƙarƙashin tsarin mulkinta na jiha.

Inda na fi jin tsoro ga mutanenmu shi ne ranar da za a zo da tayi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na hukunce-hukuncen laifi a Amurka ba a kai ga sauraron shaidu, amsa laifi ake yi a rage hukunci. Mai gabatar da ƙara zai ce ka amsa ƙaramin laifi, ka biya tara, ka halarci aji, ba gidan yari, yau ka koma gida. Ga mutumin da ya tashi a kan "a bar wa Allah" da "a kashe maganar kada ta kai gida", wanda abin da ya fi damunsa shi ne kada jama'ar masallaci su ji an haɗa sunansa da giya, wannan tayi kamar ruwan sanyi ne. Amma sa hannun nan ba ya gogewa. Direban babbar mota na rasa lasin kasuwancinsa na shekara guda a karon farko, a karo na biyu kuma na har abada a ƙa'ida. Inshora ta ninka. In aka sake tsayar da shi bayan shekaru, a matsayin mai laifi na biyu za a ɗauke shi. Ɗalibi ko mai bizar aiki kuwa tun kafin hukunci yake cikin matsala, domin tun 2015 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke iya soke biza saboda kamun kawai. A shari'ar Padilla ta 2010 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa wanda ba ɗan ƙasa ba abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa. Wajibi ne, amma lauyan gwamnati mai fayil ɗari a gabansa yana iya faɗa a jimla ɗaya yana duba agogo. Sai ka tsayar da shi ka tambaya, in ya yiwu ka ji ta bakin lauyan shige da fice kafin ka ɗauki biro.

Ko an kori ƙarar, da sauran aiki. Tarihin kamun na nan a kundin 'yan sanda da na kotu, yana fitowa in mai ba da aiki ko mai gidan haya ya bincika, sai an shigar da wata takardar daban ana neman a share ko a rufe shi, kuma kowace jiha da nata sharaɗin. Hukumar shige da fice kuwa ba ruwanta da sharewar jiha. Takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko an taɓa kama ka, ba ko an taɓa hukunta ka kaɗai ba, kuma amsar ita ce e, ko da alƙali ya ba ka haƙuri a gaban jama'a. Don haka ranar da aka sallame ka, kafin ka fita daga harabar kotun, ka biya ta ofishin magatakarda ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, biyu ko uku, ka haɗa da sakamakon jinin, ka ajiye su inda kake ajiye fasfo.